Kalma da Ma'anarta: Inda Turancin Ɗalibanmu Ke Tuntuɓe

Jawabin da kwamitin ilimi na reshe ya gabatar a taron ƙarshen zangon karatu



 An ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya binciko dalilin da ya sa yaranmu ke faɗuwa a Turanci, kuma mun zo da abin da muka gani, ko da yake wani ɓangarensa ba zai yi daɗin ji ba.

Bari mu fara da wani abu da ya faru a ɗaya daga cikin makarantunmu. An umarci 'yan aji biyu na babbar sakandare su rubuta insha'i game da mutumin da ya fi burge su. Wani yaro mai hazaƙa, wanda rubutunsa ke da tsabta, ya zaɓi shugaban makarantarsu, ya yi ta yabonsa, sa'an nan ya rufe da cewa mutum ne "notorious" a duk faɗin ƙaramar hukuma. Mun yi dariya a ɗakin malamai, amma da muka kira yaron sai dariyar ta ragu. Ya nuna mana littafinsa, inda wani malami ya rubuta musu jerin kalmomi a allo suka kwafa: "famous" daidai take da "notorious". Yaron bai yi ƙiuya ba, ya haddace abin da aka ba shi. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, ta farkon shahara ce, ta biyun kuwa ƙaurin suna. Duk Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin wanda ya shahara da wanda ya yi ƙaurin suna, kuma da an faɗa masa haka da Hausa cikin daƙiƙa goma, da bai zagi shugabansa da kyakkyawar niyya ba.

Mun kawo wannan labari ne domin mun lura cewa akasarin ɗalibanmu suna iya furta abin da ke kan takarda. A tsayar da yaro a ba shi shafi, zai karanta shi daga sama har ƙasa, wani lokaci da lafazi mai daɗi. A rufe littafin a ce ya faɗi abin da ya karanta, sai ya sunkuyar da kai. Mun daɗe muna kiran wannan matsalar nahawu, muna ƙara darussan lokutan aiki da sassan jimla. Nahawu yana da nasa muhimmanci, amma a ra'ayinmu babban giɓin yana wajen kalmomi.

Akwai lissafin da ya kamata kowane malami ya riƙe. Farfesa Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin wannan fanni, ya nuna cewa mai karatu yana buƙatar ya san wajen kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya tak a cikin kowace 50. A wata maƙala da ya buga a 2006 ya ƙiyasta cewa kaiwa ga wannan matsayi a karatun jarida da littattafan labari yana buƙatar sanin dangogin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Dangin kalma shi ne kalma da 'ya'yanta, kamar yadda karanta da karatu da makaranci suke gida ɗaya. To, mu ɗauki ɗalibin da ya san kashi 90 cikin 100. Da jin wannan adadi sai a ce ya yi ƙoƙari, domin a jarrabawa maki 90 babban yabo ne. Amma a shafi mai kalmomi 300, yaron nan zai ci karo da baƙin kalmomi 30, kuma su ne waɗanda ke ɗauke da nauyin maganar. Ƙananan kalmomin haɗa jimla duk ya san su. Kamar mutum ne da aka ba shi wasiƙa ruwa ya taɓa ta, gaisuwa da sallama sun fito sarai, ainihin saƙon ne ya goge.

Abin da ke biyo baya kowa a zauren nan ya sani. Ba a shiga jami'a sai da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, ko daga WAEC ko daga NECO, kuma a jarrabawar JAMB babu ɗan takarar da aka ɗauke wa takardar Turanci. Muna da yara a garin nan da suka ci Kimiyyar Sinadarai da Lissafi da kyau, suna zaune a gida shekara ta biyu ko ta uku suna maimaita takarda ɗaya. Yarinya kuwa sau da yawa ba a jira ta maimaita. Ita ma Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa kafin a koma Turanci, bugun 2004 kuma ya ƙayyade hakan ga shekaru uku na farkon firamare. Ma'anar wannan tsari a wancan lokaci ita ce daga aji huɗu Turanci ya zama hanyar da kowane darasi ke bi ya isa ga yaro. Wanda kalmominsa suka gaza, a kowane darasi zai gaza.

Saboda haka muna roƙon 'yan uwanmu malaman kimiyya da lissafi da tattalin arziki kada su ɗauka cewa da malaman Turanci kaɗai muke. Kalmar "table" da yaro ya sani tun yana firamare tebur ce, a ajin lissafi ta koma jadawali. "Product" a kasuwa haja ce, a lissafi sakamakon ninkawa. "Solution" mafita ce a bakin kowa, a ɗakin gwaje-gwaje kuwa ruwa ne da aka narkar da wani abu a ciki. "Capital" babban birni ce a darasin labarin ƙasa da safe, da rana ta zama jari, a darasin rubutu kuma babban baƙi. Irin waɗannan sun fi baƙin kalmomi haɗari, domin yaro yana ganin ya san su, ba zai tambaya ba, malami shi ma ba zai tsaya ba. Haka nan kalmomin umarni na jarrabawa. Mun ga takardar da aka ce "account for" ƙarancin ruwan sama a wani yanki, wato a kawo dalilansa, ɗalibi ya shiga zana gidajen kuɗin shiga da na fita, domin abin da ya sani game da kalmar ke nan daga darasin akanta. Babu malamin Turancin da zai iya bin kowane fanni ya gyara wannan. Mai darasin ne zai tsaya minti uku ya ce: wannan kalma kun san ta da ma'ana kaza, amma a nan ga abin da take nufi.

Yanzu bari mu ɗan koma tarihi, domin akwai dalilin da ya sa kalmomin Turanci suke da wuyar sha'ani. Asalin harshen na ƙabilun Jamusawa ne da suka ƙetara zuwa tsibirin Birtaniya tun ƙarni na 5. A 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, talakawa kuwa suka ci gaba da nasu. Har yau ana ganin tabon wannan zamani: dabbar da talaka ke kiwo "cow" ce ko "sheep", amma idan namanta ya hau teburin masu mulki sai ya zama "beef" ko "mutton". Daga baya masana suka yi ta ɗebo kalmomi daga Latin da Girkanci domin ilimi da likitanci da shari'a. Shi ya sa ma'ana ɗaya kan sami hawa uku: "ask" ta gida, "question" ta Faransanci, "interrogate" ta Latin. Yaranmu suna tsayawa a hawa na farko, littattafan sakandare da masu tsara jarrabawa kuwa a hawa na biyu da na uku suke zaune.

Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba. Mu ma muna da namu hawa na sama da muka samo daga Larabci, wanda ya shiga harshenmu ta hanyar addini da mulki da fatauci. Hukunci da hukuma da hakimi da hikima duk daga saiwa ɗaya suka tsiro, haka ma ilimi da malami da ulama'u. Yaron da ya zauna gaban malamin zaure ya riga ya san cewa kalma tana da saiwa, kuma wanda ya riƙe saiwar ya riƙe rassa. Ko a Hausa tsantsa, ya san aikin ɗafa-goshin "ma" a makaranta da ma'aikata da mabuɗi da maɗinki. Wannan jari ne da yaranmu ke shigowa aji da shi, mu kuma muna barinsa a bakin ƙofa. A nuna musu cewa "port" a Latin ɗauka ce, sai "import" da "export" da "transport" da "portable" su buɗe lokaci guda. A nuna musu "bio" rai ne, "geo" ƙasa, "tele" nesa, "photo" haske, "graph" rubutu, sai su ga cewa dogayen kalmomin da ke ba su tsoro gini ne na tubala biyu ko uku. Mun gwada wannan a ajinmu, kuma ba mu ga darasin da ya fi shi faranta wa yara rai ba, musamman ranar da suka ji cewa "zero" da "cipher" daga kalmar Larabci ɗaya suka fito da sifirin da muke faɗa, "alcohol" kuma 'yar uwar kwallin da iyayensu mata ke sawa a ido ce. Ranar nan Turanci ya rage kwarjini a idonsu. Mu kuma malamai akwai tamu: "salary" daga Latin take, tana da alaƙa da kalmarsu ta gishiri, kuma idan aka dubi abin da albashi ke iya saya a kasuwa yau, kamar kalmar tana neman komawa asalinta.

Sai dai a yi hattara, saiwa tana shiryarwa, tana kuma ɓatarwa. Yaron da aka koya wa cewa ɗafa-goshin "in" korewa yake yi zai ɗauka "invaluable" abu ne marar daraja, alhali abu ne da darajarsa ta wuce a ƙiyasta. Mafi muni, zai ga "inflammable" a jikin tankar mai ya ɗauka ba ta kama wuta. Don haka saiwa hasashe take bayarwa, jimla da ƙamus su ne masu tabbatarwa.

Mu dawo kan jerin kalmomin da ake kwafa daga allo, domin a nan ne laifinmu ya fi fitowa fili. Da wuya a sami kalmomi biyu da ma'anarsu ta zo daidai ta kowace fuska, a Turanci ko a Hausa. Mutu da rasu abu ɗaya suke nufi, amma wa ya taɓa jin an ce akuya ta rasu? Siririya da ramammiya duk ba su da jiki, amma ɗaya yabo ce, ɗaya jaje. Haka "slim" da "skinny" suke, haka "childlike" da "childish". Sanin kalma ya haɗa da sanin wurin da ake faɗinta, da wanda ake faɗa wa, da kalmomin da take tafiya tare da su. Bahaushe yana cin abinci, yana cin kasuwa, yana cin bashi, yana cin jarrabawa, yana cin amana. Yana shan ruwa, yana shan iska, yana shan wahala. Baƙon da ya haddace cewa ci shi ne sa abu a baki ba zai gane ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Yaranmu su ne wannan baƙo a cikin Turanci, shi ya sa suke rubuta "drink medicine" maimakon "take medicine", suke jin ƙamshi da "hear". Masu tsara jarrabawar WAEC sun san da haka, don haka a sashen auna fahimta suke neman a kawo kalmar da za ta maye gurbin wata kamar yadda aka yi amfani da ita a cikin nassin. Wanda ya haddace jeri zai kawo ma'anar farko da ya tuna, ya rasa makin. Kuma jerin nan galibi a watan jarrabawa ake raba shi, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

To, waɗanne kalmomi za a fara da su? An riga an yi mana rabin aikin. A 1953 Michael West, wanda ya daɗe yana koyarwa a yankin Bengal na Indiya, ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 da suka fi yawan fitowa a Turanci. A shekarar 2000 Averil Coxhead ta fitar da jerin dangogin kalmomi 570 da ke yawo a littattafan ilimi na kowane fanni, irin su "analyse" da "factor" da "significant" da "assume", waɗanda ke cinye kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi. Ana samun jerin a intanet kyauta. Dangogi 570 a shekaru uku na babbar sakandare bai kai 6 a mako ba. Wannan abu ne mai yiwuwa ko a makarantar da ba ta da wutar lantarki.

Amma mu yi wa kanmu adalci da lissafi. Idan muka koyar da kalmomi 10 kowane mako, a mako 36 na karatu mun sami 360, a shekaru shida na sakandare 2,160, idan ba a manta ko ɗaya ba. Tsakanin wannan da 8,000 akwai tafiya mai nisa, kuma alli ba zai cike ta ba. Karatu ne kaɗai zai cike ta, karatu mai yawa, mai sauƙi, wanda yaro ke yi don jin daɗi, inda kalma za ta gamu da shi yau a bakin wannan, gobe a bakin wancan, har ta zauna. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko idan ba a sake waiwayarsa ba, kuma duk alaramma ya riga shi sanin amfanin tilawa. Littafin labari tilawa ce da yaro ke yi bai san yana yi ba. A ba shi The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda labarinsa a ƙasarmu ya faru, ko The Stillborn na Zaynab Alkali, ko tsohuwar jarida ma. Sharaɗin kawai kada littafin ya fi ƙarfinsa: idan ya buɗe shafi ya ƙirga baƙin kalmomi sun wuce yatsun hannayensa, a sauya masa wani.

Game da ƙamus, mun zagaya makarantu mun tarar da wasu suna da shi a kulle cikin kabad ɗin shugaba don kada ya yage. Ƙamus da bai yage ba bai yi aiki ba. Wanda ya fi dacewa da yaranmu shi ne irin wanda A. S. Hornby ya tsara, malamin da ya koyar a Japan ya ga wahalar mai koyon Turanci a matsayin baƙon harshe, ya yi ƙamus mai sauƙin bayani da misalan jimloli, wanda Oxford ta fara bugawa a 1948 kuma har yau ake sabunta shi. Ba kuma abin kunya ba ne a ajiye na Turanci zuwa Hausa a gefensa, kamar na Neil Skinner ko na Roxana Ma Newman na 1990. Muna jin wasu suna cewa kawo Hausa cikin ajin Turanci yana lalata Turancin. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne kamarmu, ɗan Kwalejin Katsina, Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare, kuma shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa mai zurfi. Harshen da ya riƙe da kyau bai hana shi riƙe na biyu ba. Abin da muke hani da shi shi ne a mayar da darasi gaba ɗaya fassara.

Akwai wata cuta ta gefe da ya kamata mu ambata, wato son dogon Turanci. A muhawarorin makarantu muna tafa wa yaron da ya jero manyan kalmomin da shi kansa bai san ma'anarsu ba, alƙalai su ba shi kofi. Ta haka muke koya musu cewa gwaninta ita ce a ruɗa mai sauraro. Amfanin sanin kalmomi uku shi ne mutum ya iya zaɓar wadda ta dace, kuma sau da yawa gajeriyar ce ta dace. Haka kuma kada mu raina namu Turancin na gida: a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow". Aikinmu shi ne yaro ya san wanne ake faɗa a tasha, wanne ake rubutawa a takardar neman aiki.

Mun bar magana mafi nauyi a ƙarshe, kuma muna neman afuwar iyayenmu. Malamin da ya rubuta wa yaron nan jerin da ya sa ya zagi shugabansa ɗan wannan ƙungiya ne, kuma shi ma haka aka koya masa. Nawa ne daga cikinmu suka karanta littafi guda na Turanci daga farko zuwa ƙarshe a wannan shekara, ban da wanda manhaja ta tilasta? Ba mu manta da 2017 ba, lokacin da aka ba da sanarwar cewa malaman firamare 21,780 a Jihar Kaduna ba su ci jarrabawar gwaji ba, aka sallame su. Ƙungiyarmu ta yi jayayya da yadda aka gudanar da lamarin, har ta shiga yajin aiki, kuma tana da hujjojinta. Amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ƙungiyar da ke neman haƙƙin 'ya'yanta ta fi ƙarfin murya idan ita da kanta ta riga kowa gyara su. Mun san uzurin: aji mai yara fiye da ɗari, albashin da ba ya kai ƙarshen wata, sana'ar yamma da dole a yi don a ciyar da iyali. Duk gaskiya ne. Duk da haka wayar da ke aljihun kowannenmu tana iya ɗaukar ƙamus cikakke wanda ke aiki ba tare da data ba, kuma babu abin da zai rage wa malami daraja idan ɗalibi ya tambaye shi kalma ya ce ban sani ba, zo mu duba tare.

Abin da kwamiti ke gabatarwa gaban wannan taro don a amince shi ne, a ware wani kaso daga kuɗin reshe a saya wa kowace makaranta ƙamus biyu da akwatin littattafan labari, ɗaya ƙamus ya zauna a ɗakin malamai a buɗe, akwatin kuma ya riƙa zagayawa tsakanin makarantu kowane zango. Muna kuma roƙon kowane malamin fanni ya miƙa wa malamin Turanci na makarantarsa kalmomi 20 da ya lura suna kayar da yara a darasinsa, kafin mako na biyu na zango mai zuwa, mu kuma za mu tattara su mu buga a wannan mujalla tare da bayaninsu da Hausa. Sakatare yana da takardar da wakilin kowace makaranta zai sa hannu a kai kafin a tashi.